Waya ba muryarka take kaiwa ba, kintace take yi

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau ba kukan tsadar data zan yi ba duk da nasan shi ke cin kowa a rai, wani abu ne daban da ya jima yana min yawo a ka tun da na shiga wannan sana'a ta tura wa mutane karatu da finafinai a memori a nan gefen Wunti. Tambayar da aka fi yi min a shago ita ce wai me yasa wani fayil ke cinye waya wani kuma kamar ba a saka komai ba, mutum zai kawo ɗan ƙaramin memori a zuba masa tafsirin azumi gaba ɗaya na murya ya shige har da rara, amma bidiyon bikin ƙanwarsa guda ɗaya tal ya ƙi shiga. Wasu har zargi suke wai mu ke rage musu wuri. Wallahi ba mu bane.

Mu fara da lissafi, kada kowa ya gudu ba mai wuya bane. Ita na'ura bata san murya ba, lamba kawai ta sani. A tsarin wayar tarho tun na 1972, ana auna girgizar iskar da ke fita daga bakinka sau 8,000 a kowane sakan, kowane awo a rubuta shi da bit 8 (bit shine sifili ko ɗaya, guda 8 ne ke yin bait ɗaya), kaga bit 64,000 kenan a sakan ɗaya, a minti kuma kilobait 480. Faifan CD ya fi haka haɗama, sau 44,100 yake aunawa a sakan, bit 16, kunne biyu, minti ɗaya kusan megabait 10. Shi kuwa bidiyo ba a magana, hoto mai faɗin ɗigo 1280 da tsayin 720, guda 30 a sakan, in aka barshi ɗanye yadda kyamara ta gani kusan megabait 83 ne a SAKAN ɗaya, minti ɗaya ya doshi gigabait 5. Da haka ake turawa da babu mai kallon status a garin Bauchi, ko mai kuɗin unguwa sai ya haƙura. Amma duba saƙon muryar da ka tura jiya a WhatsApp na minti guda, ko rabin megabait bai kai ba. To ina sauran ya tafi?

Ga yadda nake fahimtar da yaran shagona. A ce wani Alhaji yana da yaro a kasuwar Muda Lawal da ke faɗa masa farashin buhun masara kullum da safe. Ranar farko dole ya faɗi farashin cikakke, a ce dubu arba'in da ɗari biyar. Washegari ba sai ya maimaita duka ba, cewa zai yi ranka ya daɗe ya ƙaru da ɗari biyu. Jibi ya ce yana nan. Gata ya ce ya sauka da ɗari. Alhaji bai rasa komai ba, yasan farashin kowace rana daidai, amma maganar ta gajarce sosai, don dukkansu biyun sun yarda da abu ɗaya ba tare da sun faɗa ba: farashin yau kusan na jiya ne. Wannan shine hasashen. Abin da ake faɗa kawai shine inda hasashen ya kuskure. In kuma sun ƙara wayewa sai su ce tunda kwana uku yana hawa da ɗari biyu biyu, mu ɗauka yau ma haka ne, in haka ɗin ne yaro ya yi shiru ma ya isa.

Haka murya take a cikin na'ura. Awo 8,000 a sakan yana nufin tsakanin wannan awo da na gaba babu wani lokacin kirki, makogwaro da harshe nama ne basa iya tsalle da wannan saurin, sai kaga lambobin suna bin juna kamar 100, 103, 105, 106, 104. Maimakon a tura su haka sai a tura 100, sannan 3, 2, 1, sai a rage 2. Ƙananan lambobi kuwa basa cin wuri kamar manya. Wani injiniya a ɗakin binciken Bell na Amurka mai suna Chapin Cutler ne ya nemi rajistar wannan dabara a 1950, sannan Peter Elias ya rubuta bayanin ilimin abin a 1955. Ku duba fa, kafin ƙasar nan ta samu 'yancin kai.

Akwai wani wuri da abin ke da daɗi wanda yawanci ba a faɗa. A ce yaron Alhaji don saurin magana baya faɗin canjin daidai, yana cikewa zuwa ɗari biyar mafi kusa. In ya rinƙa lissafi daga ainihin farashin jiya, to kullum ɗan kuskuren cikewar zai taru a kan na baya, kafin wata ya ƙare abin da ke kan Alhaji daban abin da ke kasuwa daban. Yaro mai wayo sai ya riƙe littafi na biyu, na farashin da yasan yana kan Alhaji, ya rinƙa lissafin bambanci daga can, sai kuskuren jiya ya gyaru a saƙon yau. Wallahi haka injiniyoyin suka yi, a cikin wayar mai magana akwai kwafin wayar mai sauraro, tana kwaikwayon abin da ɗayan zai ji don ta san daga ina zata lissafa. Sannan ga matsala ta biyu, in wata rana kiran bai shiga ba Alhaji bai ji canjin ranar ba, duk lissafin da ya biyo baya ya karkace har sai yaro ya sake faɗin farashin cikakke. Ku riƙe wannan zamu zo kansa a maganar bidiyo.

To amma wannan na rage bambanci kawai bai kai inda ake so ba. Wanda aka inganta a 1973 mai daidaita kansa da ƙarfin murya, shi ne ya zo ya maida 64,000 ɗin nan zuwa 32,000, rabi kenan, madalla amma da sauran aiki. Waɗanda suka fasa ƙwan sune suka ce tsaya, ai ba kowane irin sauti muke turawa ba, muryar ɗan adam ce, kuma mun san yadda ake yinta. Iska ta taso daga huhu, wasu tsokoki biyu a maƙoshi su yi ta kaɗawa, na namiji kamar sau ɗari da wani abu a sakan na mace kamar ɗari biyu, sannan sautin ya bi ta wani bututu daga maƙoshi zuwa leɓe mai tsawon kusan santimita 17 a babban namiji, harshe da leɓe da muƙamuƙi su canza siffar bututun, shine kake jin a ko i ko u. Kuma siffar nan bata canzawa da sauri, a cikin kashi ɗaya bisa hamsin na sakan kusan a tsaye take.

Fumitada Itakura da Shuzo Saito a Japan a 1966, da Bishnu Atal ɗan asalin Indiya tare da Manfred Schroeder a ɗakin binciken Bell kusan lokaci ɗaya, su suka gano cewa in ka ɗauki awo kamar goma da suka wuce, ka ba kowanne nauyinsa ka haɗa, zaka iya kintatar awo na gaba kusan daidai, kuma waɗannan nauyin goma ɗin su ne hoton siffar bakin mai magana a wannan lokacin. Shi ake kira LPC. Sai ya zama maimakon a tura murya, a tura bayanin bakin: ga siffarsa, ga saurin kaɗawar maƙoshi, ga ƙarfin sauti, wayar can ta gina muryar da kanta. Sojojin Amurka sun yi amfani da irin wannan a bit 2,400 kacal a sakan, ana gane maganar amma muryar kamar ta mutum-mutumi, ba zaka rantse da wa kake magana ba. Har wani abin wasan yara na koyon haruffa da kamfanin Texas Instruments ya fitar a 1978 da wannan dabarar yake magana. Mu da Hausa yare ne da hawa da saukar murya ke canza ma'ana, gara da aka ware saurin kaɗawar maƙoshin aka ba shi gurbinsa daban a cikin saƙon, da an yar da shi da an sha rigima a waya.

Gyaran muryar mutum-mutumin nan ya zo a 1985, Schroeder da Atal ɗin dai. Suka ce a ajiye wani kundi na gutsattsarin sauti a wayoyin biyu iri ɗaya, wayar mai magana ta yi ta gwada su ɗaya bayan ɗaya tana ji da kunnenta wanne ne in aka zuba shi cikin bututun zai fi kama da ainihin muryar, in ta samu sai ta tura lambar shafin kawai. Abin dariya lokacin da suka gwada, babbar kwamfutar Cray ta zamanin sai ta ɗauki sama da minti 2 kafin ta gama da maganar sakan ɗaya. Yau 'yar rakani-kashin da ake saidawa a bakin titi tana yin irin wannan aikin kana magana tana yi, batirinta kuma ya kwana uku.

Lokacin da GSM ya shigo Najeriya a watan Agusta na 2001 zamanin Obasanjo, sanda layi kaɗai sai mai hali, irin wannan dabarar ce a ciki. Tsarin GSM na asali yana yanka magana gunduwa gunduwa, kowace kashi ɗaya bisa hamsin na sakan, awo 160 a matse su cikin bit 260, wato 13,000 a sakan, kusan kashi ɗaya cikin biyar na wayar tarho. Daga baya aka kawo wani tsarin matse murya mai suna AMR, mai hawa takwas daga bit 4,750 zuwa 12,200 a sakan, shi wannan in sabis ya yi rauni sai ya rage wa muryar kaso ya ƙara wa kariya daga kuskure. Shi yasa in ka kama hanyar Alkaleri ko ka nufi Ningi zaka ji muryar wanda kuke waya ta koma kamar yana magana cikin tulu amma kiran bai yanke ba, da gangan ne, an zaɓi ka ji shi a dushe da a ce baka ji shi ba sam. In kuma gunduwa ɗaya ta ɓace a hanya wayarka bata barin wurin fanko, cigaba take da hasashen daga na baya, shine wannan jan muryar da kake ji mutum ya ce salaaaam kamar an taka kaset. Wani abin ma da ya ban mamaki, in ɗayan ya yi shiru wayarsa daina turawa take don ta huta da batir, ɗan shuuu ɗin da kake ji a kunne wayarka ce ke ƙirƙiro shi don kada ka zaci an kashe.

Anan ne zaku gane abin da ke faruwa ranar biki. Wata Hajiya maƙociyarmu 'yarta na aure a Kaduna bata samu zuwa ba, aka kirata aka ɗaga waya sama wai ta ji kiɗa, da ta gama sai ta leƙo ta ce min ɗana duba min wayar nan ta lalace, banji komai ba sai ƙugi. Nace Hajiya lafiyarta ƙalau, su turo miki a WhatsApp kawai. Dalili shine kiran waya an gina shi a kan maƙoshi ɗaya da baki ɗaya, in ka haɗa masa kalangu da algaita da guɗa da surutun mata hamsin sai ya dage sai ya fassara su duka a matsayin mutum ɗaya na magana, abin da zai fito kuwa sai a hankali. Haka ƙarar janareto ko hon ɗin keke, duk suna cinye ɗan kason da aka ware wa muryarka. Shi saƙon murya na WhatsApp da wani tsari mai suna Opus ake matse shi, in ka shiga cikin fayilolin wayarka zaka ga sunan a ƙarshensu. An fitar da shi a 2012, kuma gauraye ne, ɓangare ɗaya daga Skype aka samo shi mai aiki da hasashen murya, ɗayan kuma an yi shi don kiɗa, yana iya sauyawa tsakaninsu, daga bit 6,000 har 510,000 a sakan. MP3 da muka saba da shi kuwa hanyarsa daban ce, shi zubar da abin da kunne baya ji yake, ba nan muka dosa ba yau.

Hoto ma haka ne sai dai maimakon jiya da yau, maƙota ake dubawa. Ɗigon da ke nan kusan launinsa ɗaya da na hagunsa da na samansa. Tsarin PNG na 1996 ga kowane layi yana zaɓar yadda zai yi kintace, ko daga hagu, ko daga sama, ko tsakaicinsu, ko wata dabara ta Alan Paeth mai duba maƙota uku ta ɗauki wanda ya fi dacewa, ko ya barshi yadda yake. Shi yasa hoton rasit ɗin banki mai farin baya ke zama ɗan mitsitsi, fari bayan fari bayan fari bambancin sifili ne. JPEG na 1992 ɗan kaɗan yake taɓa wannan, yana yanka hoto murabba'i 8 sau 8 ya faɗi bambancin hasken kowanne da na bayansa, sauran aikin ta wata hanyar yake yi. Sitikar da kuke ta jifan juna da ita a guruf kuwa WebP ce ta Google ta 2010, ita ma hasashen maƙota ne a cikinta.

Bidiyo ne inda abin ya fi fitowa fili kuma nan ne amsar masu zargina. Hoto 30 a sakan, kusan duk abu ɗaya ne. Sai a tura cikakken hoto guda, na bayansa kuma a ce wannan yankin yana nan yadda yake, wancan ya matsa dama da ɗigo uku, ga ɗan gyara a nan. Tun tsarin H.261 na ƙarshen shekarun 1980 ake yanka hoton 16 sau 16 ana bin motsinsa, H.264 na 2003 wanda yawancin bidiyon wayoyinmu ke kai ya ƙara ƙwarewa ne a kan hakan. To ɗauki malami zaune yana karatu, bango baya motsi, rawani baya motsi, littafi na nan, leɓe da hannu kawai ke aiki, hasashe na cin daidai kusan ko'ina. Yanzu ɗauki hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, dawaki na sukuwa, ƙura ta tashi, kayan ado na walƙiya, jama'a na turereniya, mai ɗaukar kuma hannunsa na rawa yana juyawa hagu da dama. Me za a kintata anan? Kusan komai sabo ne. Dole ɗayan biyu, ko fayil ya kumbura ko in an ƙayyade masa girma kamar a status hoton ya dagargaje ya koma murabba'ai, fuskar mahayi kamar an shafa mata laka. Ba kyamararka bace bata da kyau.

Maganar kiran da bai shiga ba da nace ku riƙe, ita ce abin da kuke gani a dish in hadari ya taso. Wani yanki ya ɓace, hotunan da ke biye suna ta gini a kan kuskure, launi na jan jiki kore da ruwan hoda, sai can kwatsam komai ya washe lokaci ɗaya. Cikakken hoto ne ya iso. Shi yasa ma in ka ja bidiyo gaba wani lokaci baya tsayawa daidai inda ka saka yatsa, yana neman cikakken hoto mafi kusa ne.

Masu ɗaukar wa'azi da walima da masu tallan atamfa a TikTok, wannan ilimin kuɗi ne a aljihunku. Ku daina riƙe waya a hannu, ku jingina ta ko ku sayi ƙafa, rawar hannu kaɗai na sa duk hoton ya zama abin da sai an sake bayani. Ku samu haske, don a duhu kyamara na cika hoton da wasu ƙananan ɗige-ɗige masu rawa waɗanda babu lissafin da zai kintace su, data na tafiya a kan shara. Bango mara tarkace ya fi labule mai fulawa. A matsar da janareto nesa ko a matso da makirfo kusa da bakin malam. Kuma don Allah a rage wannan ɗabi'a ta sauke bidiyo daga Facebook a ɗora a TikTok a sake saukewa a saka a status, kowane hawa sai an sake matsewa, ana hasashe a kan abin da dama hasashe ne, a ƙarshe a kawo min shago a ce in gyara. Bana iya dawo da abin da aka zubar.

Yanzu kuma an shiga wani sabon babi, Google sun fitar da wani tsarin matse murya mai suna Lyra a 2021 mai aiki da bit 3,000 a sakan, inda ƙirƙirarriyar basira ce ke gina muryar a wayar mai sauraro bayan an horar da ita da maganganun mutane masu yawa. Ga wanda ke ƙauye da sabis sanda ɗaya wannan alheri ne babba, ban musa ba. Amma ni a raina akwai bambanci tsakanin hira da ajiya. Hira in an gane me kace shikenan. Karatun Alƙur'ani da ake bin mafitar kowane harafi, ko muryar wani dattijon malami da ya riga mu gidan gaskiya wadda ta rage a kaset ɗaya tal, bana so na'ura ta cike min gurbi da abin da take ganin ya dace.

Irin waɗannan in an kawo min kaset a juya, tsarin matse sauti na FLAC nake ba da shawara. Shima hasashen ne, tun 2001 yake, amma shi baya zubar da kuskuren ko kaɗan, duk bambancin yake ajiyewa, in ka buɗe lamba ɗaya bata canza ba. Kaset na awa guda in aka ɗauke shi a kunne ɗaya da ingancin CD kusan megabait 317 ne ɗanye, FLAC kan rage shi zuwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan, in kaset ɗin ya tsufa yana shuuu da yawa ragin baya kai haka don ita wannan ƙarar bata kintatuwa. Ko a ɗanyen ma memori mai gigabait 32 zai ɗauki kusan awa 100. Sai a ajiye wannan a gida a matsayin uwa, a yi kwafi biyu, sannan a fitar da ƙaramin Opus ko MP3 daga jikinsa wanda za a rinƙa turawa a guruf.